Sayen albam ɗin K-pop ta intanet: wane shago, nawa ne kuɗin aikowa, kuma ya ake gane jabu?

Ummi_STAY:
Assalamu alaikum 'yan gida. Don Allah waɗanda suka saba odar albam daga Koriya su taimaka min da shawara. Na daɗe ina tari don in mallaki albam ɗin Stray Kids, ƙungiyar mawaƙan nan ta Koriya, ko da guda ɗaya ne. Jiya na shiga wani shagon Koriya na intanet, farashin bai fi ƙarfina ba, amma ina saka adireshin Kano sai kuɗin aikowa ya fito ya fi na albam ɗin nesa ba kusa ba. Jikina ya yi sanyi na rufe shafin. Sai kuma ga wata a Instagram tana sayar da irinsa a nan gida da araha sosai, ta ce a rufe yake da ledarsa. Wanne zan bi?

Anti Bilki (mai kula da zaure):
Wa alaikumus salam ƙanwata. Abin da kika gani haka yake, ba matsalar shafin ba ce. A Koriya albam na yau da kullum yana kamawa tsakanin won dubu 15 zuwa dubu 25, ba shi da wata tsada. Hanya ce ke cin kuɗin. Albam ɗin K-pop ba faifai kaɗai ba ne, akwai littafin hotuna mai takarda mai kauri, ga sitika, ga katin hoton ɗaya daga cikin mawaƙan, ga kwali. Su kuma kamfanonin jigila irin DHL ba nauyin sikeli kawai suke dubawa ba, har da girman kwalin. Suna auna tsawo da faɗi da tudu da santimita, su ninka su da juna, su raba da 5000. In abin da ya fito ya fi nauyin sikeli, da shi za su caje ki. Shi ya sa in kika ce a naɗe miki fosta a cikin bututun kwali don kar ta samu layi, kuɗin yake tashi lokaci guda. Ki zaɓi a ninke ta, ko ki ce ba kya so.

Kuma rabin kilo na farko shi ya fi kowane tsada. Abin da ya hau bayansa da sauƙi. Don haka mai sayen guda ɗaya shi ya fi kowa shan wuya.

Khalifa Zariya:
Shagunan da aka sani dai su ne Ktown4u, Weverse Shop, Makestar, Withmuu, Soundwave, Music Plant, sai YesAsia da ke Hong Kong. JYP ne kamfanin Stray Kids, kuma suna da nasu shagon na intanet. Kafin ki ɓata lokaci kina zaɓe, ki fara duba jerin ƙasashen da shago yake aikawa, don ba kowanne ke kawowa Najeriya ba, kuma jerin yana canzawa. In akwai zaɓin EMS, wannan ta gidan wayar Koriya yake tasowa, in ya iso nan ya shiga hannun NIPOST. Yawanci ya fi sauƙin kuɗi amma sai kin yi haƙuri, kuma ki riƙa bin lambar kayan da kanki. Ki rubuta lambar wayar da ke aiki a jikin adireshin, ta fi sunan layinku amfani.

Zee:
Ummi don girman Allah kar ki tura wa ta Instagram ɗin nan kuɗi tukuna. Araha ba ta ado. Ki yi lissafi mana: ita ma ai jirgi ne ya kawo mata, ta biya abin da ya tsorata ki, to ta yaya za ta sayar ƙasa da kuɗin da ta kashe?

Hauwa Carat:
Zee ba lallai ne jabu ba ne fa. Kar mu ɓata wa mutane sana'a. Albam ɗin kansa ba a cika buga na jabu ba, don aikin da ke cikinsa ya fi ribar. Abin da aka fi yi shi ne a buɗe, a zare katin hoton, a sayar da katin daban, shi kuma albam ɗin a karya farashinsa. In mai sayarwa ta faɗi gaskiya ta ce buɗaɗɗe ne babu kati, ciniki ne halal, kuma ga wanda waƙa da littafin hotuna suka dama, hanya ce mai kyau. Inda ha'incin yake shi ne a sake naɗe shi da leda a ce sabo ne.

Zee:
To ai ita ta ce a rufe yake. Nan ne maganar.

Hauwa Carat:
Haka ne. Ummi ki ce ta ɗauko miki bidiyo, ba hoto ba, ta rubuta sunanki da kwanan wata a takarda ta ajiye kusa da albam ɗin. Ta juya bayansa ki ga ƙaramar sitikar nan mai ƙyalli ta KOMCA, ƙungiyar haƙƙin mallakar waƙoƙi ta Koriya. In ta karkata shi a haske za ki ga launin yana sauyawa. Sannan ki dubi ledar. Ta masana'anta tana kama jikin kwalin tsaf, bakinta a miƙe. Wadda aka sake naɗewa a gida takan yi sako-sako, ki ga wajen da aka ƙona ya tattare. In ta fara cewa ba ta da data ko kayan suna sito, ki haƙura da ita.

Jabun gaske a kati yake da sandar haske, wato fitilar hannun da masoya ke ɗagawa a wajen wasa. Katunan nan da ake sayarwa 55 a ƙaramin kwali ɗaya, waɗanda ake kira lomo, ba na kamfani ba ne ko kaɗan. Ba laifi ki saya don ado in kin san abin da kika saya, amma kar wani ya zaro ɗaya daga ciki ya sayar miki da kuɗin na asali.

Ummi_STAY:
Na gode sosai Anti Bilki, na gode Yaya Khalifa, Hauwa da Zee. Na tura mata saƙo kan bidiyon, ina jira. Amma in ba ta yiwu ba, ke nan babu wata hanya sai in biya wancan kuɗin jirgin?

Anti Bilki (mai kula da zaure):
Akwai odar haɗaka, ita muke yi a nan. Kamar adashe ce: mutum goma ko ashirin su haɗa kuɗi a hannun mutum ɗaya, ta saya gaba ɗaya, a zuba a kwali ɗaya, a raba kuɗin jirgi gwargwadon nauyin kayan kowa. Biya uku ne. Na farko kuɗin albam. Na biyu kuɗin jirgi daga Koriya, wanda ba a saninsa sai an auna kwalin. Na uku kuɗin mota daga wajen mai haɗa odar zuwa garinku. Wasu masu haɗawa suna amfani da kamfanonin da ke ba ka adireshin sito a Koriya, sai a tara kaya daga shaguna daban-daban a can, a cire kwalayen da ba su da amfani, a matse su wuri ɗaya.

Amma zan faɗa miki gaskiya, amana ce zalla. Kuɗinki zai yi wata ɗaya ko biyu a hannun wata. Duk mai haɗa odar da ba ta nuna rasit ɗin shago da lambar bin kaya ga kowa a fili, kar ki shiga. Kuma a yi maganar rabon kati tun kafin a biya: za a ba kowa nasa a rufe ne, ko za a buɗe a raba bisa gwanin kowa? Rigimar da na fi rabawa a zauren nan ke nan.

Yaya Sadiq:
Ku yi haƙuri zan ɗan karkata da maganar, amma abin yana cina. Ni ma ina jin waƙoƙin nan, tun zamanin BIGBANG. Tambayata ga ƙanwata Ummi ita ce: a gidanku akwai abin saka faifan CD? Yawancinmu babu. Waƙar tana YouTube da Spotify. To me ake saya? Kati ake saya. Kuma katin an ɓoye shi, ba ki san na wa za ki samu ba. Stray Kids su 8 ne, Seventeen su 13. Damar ki samu gwaninki a albam ɗaya ita ce ɗaya cikin takwas, ko ɗaya cikin sha uku, ban da cewa kowane mutum yana da hoto fiye da ɗaya, kowane albam yana da nau'i biyu ko uku, kowane shago kuma yana da nasa katin kyauta na masu oda kafin fitowa. Da gangan aka tsara shi don ki sake saye. Ni a ganina wannan ya yi kusa da caca, kuma bai kamata mu riƙa tura ƙannenmu ciki da kuɗin da suka sha wuya suka tara ba.

Hauwa Carat:
Yaya Sadiq da girmamawa, ban yarda da kalmar caca ba. A caca kana iya tashi hannu rabbana. Nan kuwa ka biya kuɗin littafi da faifai da kati, kuma duka ukun sun zo hannunka. In katin ba na gwaninka ba ne sai ka yi musaya. Ni rabin ƙawayen da na yi a zauren nan ta musayar kati muka san juna. Sannan mallakar abu a hannu daban ne da ji a waya. Ranar da na fara buɗe littafin hotunan FML, albam ɗin Seventeen, na zauna ina bin sunayen waɗanda suka rubuta kowace waƙa, ina ganin sunan Woozi, ɗaya daga cikin 'yan ƙungiyar, yana maimaituwa, sai na ji na ƙara ganin girman aikin. A waya ban taɓa tsayawa na duba wannan ba.

Yaya Sadiq:
Na yarda da ke a kan mai sayen guda ɗaya. To mai sayen talatin fa don shiga ƙuri'ar ganawa da mawaƙi? Kowane albam tikiti ɗaya ne, wanda ya fi saye ya fi samun dama, kuma in sunanka bai fito ba shi ke nan. Tun 2020 da aka koma yin ganawar ta kiran bidiyo, har mu na nesa an buɗe mana ƙofar. Kiran da bai wuce minti ɗaya ko biyu ba. FML ɗin da kika ambata ya sayar da sama da miliyan 4 da rabi a makon farko a 2023, wanda ya biyo shi a shekarar, Seventeenth Heaven, ya haura miliyan 5. Kina ganin mutum miliyan biyar ne suka saya ɗaya-ɗaya?

Nana (ɗaliba a Seoul):
Salam 'yan uwa, yanzu na fito daga aji na tarar da zancen ya yi nisa. Bari in faɗi abin da idona yake gani a nan, don duka biyun kuna da gaskiya.

In ƙungiya ta saki sabon albam, ku zo unguwar Hongdae a nan Seoul ku ga layi a shagunan. Akwai lokacin da ake saka na'ura, ka sayi albam a ba ka dama ɗaya, ka danna, kati ya faɗo. Na tsaya kusa da wata yarinya da ta sayi jaka guda. A bakin shagon ta tsuguna, tana yage leda da farce, ta zare kati, ta duba fuska, ta saka a 'yar roba, ta tura albam ɗin gefe ba ta ko buɗe littafin ba. Kusa da ita wasu sun shimfiɗa katunansu a kan benci suna musaya, kowa riƙe da waya yana nuna wanda yake nema. Farin cikin da ke wajen na gaske ne, ɓarnar ma ta gaske ce. A 2024 hotunan kwalayen albam ɗin Seventeen da aka zubar a unguwar Shibuya ta Tokyo sun zaga duniya, kuma su kansu masoyan ne suka fi jin zafin abin. Tun 2021 akwai ƙungiyar masoya mai suna Kpop4Planet da ke matsa wa kamfanoni lamba a kan wannan tulin robar. A 2023 albam ɗin da aka sayar bisa lissafin Circle, jadawalin cinikin waƙoƙi na Koriya, sun haura miliyan 100.

Amfanin da ke ciki gare ku shi ne buɗaɗɗen albam a nan araha ne ƙwarai. A Bunjang, manhajar kayan hannu ta Koriya, ana sayar da su ƙasa da rabin kuɗi. Kati kuma akwai Pocamarket, ka nemi ainihin wanda kake so ka biya. Ummi in Felix ne ko Hyunjin gwaninki a Stray Kids, ki sayi albam ɗaya, in bai fito ba ki sayi katinsa kai tsaye. Ya fi miki sauƙi a kan ki sake sayen albam uku kina fata. Kati ba shi da nauyi, ana iya cusa guda hamsin a odar haɗaka ba a ji ba.

Yaya Sadiq:
Wannan shawarar na goyi baya ɗari bisa ɗari. Ka ga abin da za ka saya, ka san kuɗinsa, ka biya.

Khalifa Zariya:
Maganar ko caca ce a shari'a, wannan a kai wa malamai, kar mu yanke a nan. Amma Nana, in ta sayi buɗaɗɗe ai ba zai shiga lissafin jadawali ba ko?

Nana (ɗaliba a Seoul):
Ba zai sake shiga ba, an riga an ƙirga shi a hannun mai sayen farko. Jadawali biyu ne. Hanteo yana ƙirga abin da aka sayar a shagunan da ke da rajista da shi, kusan nan take, kuma da shi ake alfaharin cinikin makon farko. Circle, wanda ake kira Gaon har zuwa tsakiyar 2022, yana ƙirga abin da ya fita daga hannun dillalai zuwa shaguna, a cire wanda aka mayar. Shagon da ke ciki yakan rubuta a shafinsa cewa cinikinsa yana shiga Hanteo da Circle. Shi kuwa Billboard 200 cinikin cikin Amurka kawai yake ƙirgawa, don haka in wani ya ce miki ki ƙara kuɗi don odar da za a kawo Kano ta taimaka a Billboard, ba gaskiya ba ne.

In burinki tallafa musu ne kawai da kuɗi kaɗan, akwai ƙananan albam marasa faifai, kati ne da lambar QR ko NFC, ki haɗa da manhaja ki ji waƙa. Jack in the Box na J-Hope ɗan ƙungiyar BTS a haka ya fara fitowa a 2022. Suna shiga jadawali, kuma ana iya aiko su a ambulan.

Maryam Yamai:
Sannunku da hira. Ni daga Nijar nake. Wajenmu biya bai cika wahala ba, don sefa a ɗaure take da yuro, 655.957 a yuro ɗaya, in kana da katin Visa ka san abin da za a cire maka. Isowar kaya ce damuwarmu. Ni ɗiyar yayata da ke karatu a Faransa take saya min a shagon Fnac, in wani zai zo gida ya riƙo. Sai dai babu katin kyauta irin na shagunan Koriya. Ku a Najeriya ya kuke biya yanzu?

Khalifa Zariya:
Hajiya Maryam mun sha fama. A 2022 bankuna suka rage abin da katin naira zai iya kashewa a waje zuwa dala 20 a wata, daga baya da yawa suka rufe gaba ɗaya. Aka koma katin dala na asusun kuɗin waje ko na manhajoji. A tsakiyar 2025 wasu bankunan suka sake buɗewa, kowanne da iyakarsa. Shawarata a tambayi banki farashin dalar da zai cire a ranar kafin a danna biya. Masu haɗa oda kuma su karɓi kuɗi su saya a rana ɗaya ko washegari, don in dala ta motsa a tsakani, rigima ce.

Anti Bilki (mai kula da zaure):
Tunda an zo nan bari in ƙara da kwastam. Daga Satumban 2025 hukumar kwastam ta Najeriya ta ce ƙananan kayan da darajarsu ba ta wuce dala 300 ba babu haraji a kansu, har sau huɗu a shekara. Mai sayen albam ɗaya ko biyu ya tsira. Odar haɗaka kuwa tana iya wuce haka, sai a saka harajin a lissafi tun farko. Kuma kar wanda ya roƙi a rubuta ƙaramin farashi a jikin kwali. Ban da cewa saɓa doka ne, in kwalin ya ɓata, abin da aka rubuta shi za a biya.

Zee:
Abu ɗaya da ba a faɗa ba: bidiyon buɗe kwali. Ki kunna kyamara tun kwalin yana manne, ki nuna takardar adireshi, ki yanka, ki fito da komai ba tare da kin tsayar ba. Na taɓa samun albam babu kati a ciki daga wani shago, bidiyon ne ya sa suka aiko min.

Nana (ɗaliba a Seoul):
Ki ɗauka kam, yana sauƙaƙa magana. Amma ku sani a Agustan 2024 hukumar kula da adalcin kasuwanci ta Koriya ta ci tarar kamfanoni huɗu masu shagunan kamfanonin mawaƙa na HYBE, SM, YG da JYP, kuma cikin dalilan har da ƙin mayar da kuɗi ga wanda ba shi da irin wannan bidiyon, da rage kwanakin da doka ta ba mai saye. Don haka ko kin manta ba ki ɗauka ba, kar ki yi shiru, ki rubuta musu da hotuna da lambar oda.

Ummi_STAY:
Allah ya saka da alheri, na ƙaru fiye da yadda na zata. Anti ki saka ni a odar haɗaka ta gaba, albam ɗaya, fosta a ninke. Sandar hasken Stray Kids fa, Nachimbong? Na ga wata a rabin kuɗi.

Hauwa Carat:
Wannan kam ki bari sai kin samu ta asali. Gwajinta ɗaya ne: ta haɗu da manhajar kamfanin ta Bluetooth. Ta jabu za ta kunna ta yi haske, amma manhajar ba za ta gan ta ba. Batir ƙanana AAA guda uku yawancinsu suke ci, kuma ba a haɗo su a kwali. In kin gama ki cire batir ɗin, zafin garinmu yana sa su zubar da ruwa su cinye ƙarfen ciki. Katunan ma ki saka su a leda da roba mai tauri, kar ki bar su a bayan waya, rana tana kashe launin.

Yaya Sadiq:
Anti ina da roƙo. In za a buɗe odar, a saka iyaka ga 'yan makaranta, kar ya wuce biyu ga mutum ɗaya. Kuma wanda bai kai 18 ba ya zo da yardar iyayensa.

Hauwa Carat:
Yardar iyaye na amince. Iyakar biyu kuma a bar wa mai tara nau'i uku na albam ɗaya hanya, ba kowa ne ke bin ƙuri'a ba.

Anti Bilki (mai kula da zaure):
To a yi uku, kowane nau'i guda ɗaya, ba maimaici. Ba za mu shiga ƙuri'ar ganawa da kuɗin zaure ba. Zan buɗe rajista ranar Asabar bayan la'asar, a rufe Laraba da dare, in saya Alhamis in saka rasit a nan. Masu son kati ɗaya-ɗaya su tura wa Nana hoton wanda suke so kafin Laraba don ta duba farashi.

Maryam Yamai:
Anti mu na ƙetare za mu iya shiga?

Anti Bilki (mai kula da zaure):
Za ki iya 'yar uwa, in kina da wanda zai karɓa miki a Kano ko Katsina ya saka a motar Maraɗi. Ki turo min lambarsa ta akwatin sirri, kar ki saka a nan. Kuɗin kuma da naira za a biya, sai ku daidaita da shi.